Kun Goge Muryar Mahaifina, Kun Zuba Mini Fina-finai

Zuwa ga shugaban masu gyaran kwamfuta da waya na Jega,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida ka da dattawan wannan sana'a, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni malamar makaranta ce a Aliero, haifaffiyar Andarai. Ban taɓa rubuta wasiƙa a bainar jama'a ba, kuma da abin ya tsaya a kaina kaɗai da na haɗiye shi na yi shiru.

Mahaifina makiyayi ne. A shekarar da ya rasu, kafin ciwo ya kwantar da shi, na riƙa ɗaukar muryarsa a waya in na je gida. Akwai inda yake kiran shanunsa da yamma, kowace da sunanta, kana jin suna amsawa. Akwai inda yake jero kakanninmu da Fulatanci, akwai kuma inda yake min faɗa kawai don na sa masa waya a baki. Da wayar ta cika na kwashe duka na zuba a laftof ɗina. Innata, wadda kunya ba ta taɓa barin ta ambaci sunansa ba yana raye, ita ce ta fi kowa sauraro. Idonta ya yi rauni yanzu. Duk zuwan da na yi, kafin in cire takalmi take tambaya, "Kin taho da shi?" Ba kwamfutar take nufi ba.

Ga abin da ya faru, daki-daki.

Na ɗaya. Lokacin cirar albasar bana laftof ɗin ta daina tashi, sai ta kunnu ta tsaya. Ranar kasuwa na kawo ta shagon ɗaya daga cikin mutanenka, ba zan kama sunansa ba. Ko buɗe ta bai yi ba ya ce windo ne ya mutu, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sai an goge an sa sabo. Ranka ya daɗe, na lura wannan shi ne maganinku na kowace cuta: kwamfuta ta yi nauyi, a goge, ta yi zafi, a goge.

Na biyu. Na gaya masa da bakina cewa akwai muryar mamaci a ciki, na gaya masa ɓangaren ma'ajiyar da take, na roƙe shi ya kwafe ta a wani wuri kafin ya taɓa komai. Yana danna wayarsa ya ce, "Malama, kak ki damu, mu ad da aikin ga, komi naki na nan." Abin da ya kwafe shi ne abin da ke kan fuskar kwamfutar: takardun darasi da jarrabawar yara. Daga nan ya share ma'ajiyar gaba ɗaya, har da ɓangaren da babu ruwansa da windo.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Da na dawo karɓa ya miƙo min ita yana murmushi, ya ce, "Na cika maki ita da fina-finai da waƙoƙi, gyara ce, ba sai kin biya ba." Na san al'adar kasuwa ce, mai tumatir ma yana ƙara gyara, kuma na yarda da kyakkyawar niyya ya yi. Amma da na kai laftof ɗin wurin wani masani a Birnin Kebbi, ya yi min bayanin da har yau yake hana ni barci. Ya ce abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yana nan kwance har sai an zuba wani abu a kansa, kuma da an kawo ta yadda take bayan gogewar da akwai kyakkyawan zaton a dawo da muryar. Fina-finan nan su suka hau kanta suka danne. Ya yi iya ƙoƙarinsa, abin da ya fito guntu ne na kukan saniya, babu muryar mutum a ciki.

Wani zai ce me ya hana ni ajiye kwafi tun farko. Na ji. Amma wanda ya je asibiti ba ya tafiya da ilimin likita, amana yake kaiwa. Ni ban san cewa sa windo yana iya cinye duk abin da ke ciki ba, shi ya sani, kuma na faɗa masa abin da nake tsoro.

Ba diyya nake nema ba, don ban san abin da za a biya ni da shi ba. Roƙona dai, ka tara mutanenka ku mayar da waɗannan ƙa'ida. Kada a goge kwamfutar kowa sai an kwafe ma'ajiyarta duka a wani wuri dabam, an buɗe a gaban mai ita ya gani da idonsa. A gwada farfaɗo da tsohon windo kafin a kai ga sharewa. Idan kuma an yi kuskure an goge abu, a kashe kwamfutar a faɗa wa mai ita gaskiya. Gyarar fina-finai kuwa, don Allah a daina zuba ta sai an tambaya. Mutanen Karaye da Sarandosa da ke kawo muku kayansu ba su san waɗannan abubuwa ba, da ku suka dogara.

Tun da abin ya faru nake ce wa Inna kwamfutar tana wurin gyara. Makon jiya ta ce, "Masu gyaran ga sun daɗe da shi, ki ce su maido shi gida." Na fita bayan ɗaki na yi kuka. Ƙarshen makon nan zan koma Andarai, kuma ba zan iya ƙara yi mata ƙarya ba. Ni na zo mata da labarin rasuwarsa daga asibiti, ni ce kuma zan sake gaya mata.

Allah ya yi maka jagora, ya albarkaci sana'arku, ya tsare ku daga cin amanar da ba ku yi niyya ba. Allah ya jiƙan iyayenmu.

Wassalam.

'Yar Andarai mai koyarwa a Aliero