Zoben Baba da Zaƙin da Ya Ɓoye

Zuwa ga Yaya Gemma,

Gaisuwa mai yawa daga Ingham, da fatan ke da maigidanki Declan kuna lafiya a can Perth. Allah ya ƙara muku kwanciyar hankali. Mu nan ana ta yankan rake. Kaka Assunta tana nan da ƙarfinta, har yanzu tana cewa littattafan soyayya za su cinye mini ido kafin in samu miji.

Yaya, kin san ban iya magana a waya ba, shi ya sa na rubuto. Tun watannin baya na lura Baba ya daina sa zoben aurensa. Sai ga yawan zuwa Townsville, sai ƙamshin cingam, sai wata Imogen da ke kira ya fita waje ya amsa. A littattafaina, kin san ƙarshen irin wannan. Da na daure na gaya wa Mama, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wace mace ce za ta kwashi mai minshari kamar tarakta. Daga nan dariyar ta tsaya. Ashe yanke zoben aka yi, don yatsan ya kumbura. Takalmansa ma sun matse shi, haƙoransa sun fara rabuwa. Wani ƙullutu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwarsa yake sa jiki ya ci gaba da girma. Imogen kuwa likita ce mai bincike.

Wai sun ga wani irin zaƙi da yawa a jininsa, irin wanda ake sa wa cingam a madadin sukari. Nan asiri ya tonu. Tun da aka ce yana da ciwon sukari yake zuba shi a shayi a ɓoye, gwangwanin yana cikin akwatin sifana, don kada a ji ɗan manomin rake ya guji sukari. Kaka ta ce da mijinta yana raye da ya kore shi daga gonar. Likitar ta ce ba su tabbatar ba ko zaƙin ne ya taɓa cutar, ko cutar ce ta tara shi. Ni dai murmushinta ya yi mini yawa. Ina ganin jininsa ya fi damun ta a kan shi kansa.

Amma wanda na fi zargi yanzu Baba ne. Ya ce mana likitoci sun yarda a ɗaga aikin tiyata sai an gama girbi. Ban yarda ba. Mama ta ce ƙullutun yana iya danne jijiyar ido, kuma shekaranjiya ya daki ginshiƙin ƙofar gona da tarakta, ya ce wai wani ne ya matsar da shi. Ginshiƙin da ya kafa da hannunsa! Jiya na tsaya a gefensa riƙe da shayinsa, bai gan ni ba sai da na yi tari. Ruwa ba ya tsami banza.

Ke kaɗai yake jin kunya. Don Allah ki zo, kar ki kira, a waya zai ce miki garau yake. Rake zai sake tsirowa baɗi, ido kuwa ba ya tsirowa.

Ki gaida Declan da surukarki Maureen, ki sumbaci ƙaramin Luca. Kaka ta ce ya ci abinci. Zoben yana ƙarƙashin matashina, ina ajiye wa Baba har ranar da zai shiga.

Ƙanwarki mai kewarki,
Loretta