Zabuwa Mai Tabarau

Riruwai, Litinin

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da autarmu Hamdiyya, da maƙwabtan da ba su yi mini dariya ba, in akwai su. Na iso gidan Yaya Ɗahiru lafiya. Na ce masa ganin gida na zo. Bai yarda ba, amma bai tona ba.

Ban kira ka ba don ba na son jin muryarka, tunda na gano abin da kake iya yi da ita. Direban Doguwa zai kawo maka wannan.

Tun gashina yana baƙi nake godiya Allah ya ba ni miji mai shiru. Ashe tarawa kake yi. Da ka yi ritaya daga koyar da zane, ka koma kulle kanka a soro da takardu da waya, na ce madalla, ya samu abin yi. Ban san ni ce abin yin ba.

A wajen wani taron suna a Dangora na fara ji. Wata yarinya ta zubar da kunu, na ce mata ke, kai ne a wuyanki, kafin in ƙarasa yaran gidan suka haɗa baki suka ce ko ƙwarya! Aka nuna mini a waya. Katun ne na wata zabuwa mai tabarau, tana bin 'yan tsaki da karin magana da Turanci, murya kamar ƙyauren da ya yi tsatsa. Babu kalmar da ba tawa ba. Na ɗauka wata tsohuwar ɗalibata ce take ramuwa.

Sauran ka sani, amma ka ji yadda yake daga wajena. Ranar kasuwa na tsaya ƙofar shagon Tasi'u mai tura finafinai a waya, na ce ya fito mini da wanda ya zana. Na ce mai zanen zauna-gari-banza ne. Na ce in yana da mata to sakarya ce, tunda ba ta san abin da ake yi a gidanta ba. Jama'a suka yi tsit, na ɗauka kwarjinina ne. Sai labule ya ɗaga, ka fito daga cikin shagon, ka ɗauki kwandona, ka ce mu je gida, Malama. Duk Kiru ta sani, ni kaɗai ce ban sani ba.

Na jira ƙasa ta tsage in shige. Da ba ta tsage ba, na hau mota.

Maganin hawan jininka yana kan taga. Ka sha.

Taka cikin fushi,
Badiyya

Riruwai, Asabar

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar jiki da gida. Mu nan lafiya, sai ruwa da bai bar kan duwatsun nan ba.

Hamdiyya ta kira ni. Ta ce ka hana Tasi'u turawa, ka ɗaure takardunka ka cusa ƙarƙashin gado, ka koma zama a dakali kana kallon bango kamar farkon ritayarka. Ta ce tuwo ma sai ta matsa maka. Wa ya ce ka daina? Ka yi ba ka tambaye ni ba, ka bari ba ka tambaye ni ba. Yanzu yaran unguwa za su ce matar nan ce ta yanka musu zabuwa.

Na gudo daga abin, na tarar ya riga ni zuwa. Jikokin Yaya Ɗahiru shi suke kallo. Na karɓi wayar na ce zan duba ko akwai rashin tarbiyya a ciki, na shige ɗaki na kalle shi kaf. Na yi dariya sau ɗaya. To, sau da yawa. Kada ka gaya wa kowa.

Ka tuna muna yara a sabon gari, inda aka zaunar da iyayenmu bayan ruwan Tiga ya ci tsohon ƙauye? Mai ƙosai tana naɗe mana a shafukan littattafan katun na Turawa da ɗanta yake samo mata a Kano. Mu cinye, mu shanya takardar. Duk jarumin da muka sani da tabon mai a fuska muka san shi. Ba mu taɓa samun shafin ƙarshe ba, kullum ya tafi da ƙosan wani. Ni in karanta maganar da aka rubuta a da'irar da ke bakinsu, inda ban gane ba in ƙirƙira, kai kuma ka zana mana ƙarshen a bayan buhun siminti. Talabijin ɗin gidan ma'aikacin dam kuwa ta taga muke leƙe, muna gardamar launin rigar jarumi a akwatin da bai san komai ba sai baƙi da fari. Na ce ja ce, har gobe ja ce.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Kowa ya san zabuwa ba ta iya reno ba, kaza ake ba ƙwanta. Na kwana ina juya wannan, ina neman inda ka ɓoye zagin. Sai na zo inda shirwa ta kawo sura, zabuwar ta tattara 'yan tsakin a ƙarƙashin fiffike tana ce musu marasa kai, tabarau ya faɗi ba ta ɗauka ba. Nan na kife wayar. Ban san haka ake jin muryata ba, Malam. Ban san kuma haka kake ganina ba.

Ka ci tuwo.

Taka,
Badiyya

Riruwai, Laraba

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da kowa da kowa. Yaya Ɗahiru yana gaishe ka, ya fara tambayata ko ganin gidan bai isa ba.

Mace mai jikoki ba ta yaji, na sani. Amma tunda na yi, ba zan dawo da ƙafata kamar akuyar da ta kwana a jeji ba. Ka zo biko. Ka ɗauko Baffa Mas'ud, ku zo da goro, ka durƙusa gaban Yaya ka ce laifin naka ne. Zan ƙi sau ɗaya, kada ka tsorata. A ce a Kiru fushi ne ya fitar da ni, kada a ce kunya ce.

Sharaɗina kuwa, kafin ka taho ka jawo takardun nan daga ƙarƙashin gado. Ba zan dawo in tarar da kai kana kallon bango ba. Na fi son mijin da ke mayar da ni tsuntsuwa a kan wancan.

Kuma ka zana ranar kasuwa. Dariyar ana yin ta ko ka zana ko ba ka zana ba, gara a yi ta a gabana. Ka sa duk abin da na faɗa, har sakaryar, kada ka rage mini komai don tausayi. Amma ni zan fara gani, kafin Tasi'u.

Allah ya kawo ku lafiya, hanyar Tudun Wada ta ɓaci da ruwa.

Matarka,
Badiyya