Zare Ja da Fari a Reshen Tsamiya

Zinder, 9 ga Yuni

Yaya Barira,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya Malam Bukar da yara? Ni jikina lafiya, zuciyar ce babu daɗi.

Kin taɓa tambayata wane iri ne maigidana Baba Agop mai haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Ɗan Armeniya ne, amma fasfonsa na Bulgariya. Ya ce da aka koro kakanninsa da kisa, wani manomi ɗan Bulgariya ne ya buɗe musu ƙofa. Jikan manomin, Stoyan, har yau duk watan Maris sai ya aiko masa zare ja da fari. Al'adarsu ce: a ɗaura a hannu, ba a kwancewa sai an ga shamuwa ta fari, sannan a rataye a itace. Ashe su ma shamuwa suke jira.

Shekara shida ni ke hawa tsamiyar ƙofar garejinmu in rataye masa, saboda ciwon gwiwarsa. Kowa na gani, ba wanda ya taɓa tankawa. To bana ruwa ya ƙi, shamuwa ma ba ta zo ba. Sha'ibu mai shayi ya ware mini kofi daban. Mata sun bar famfonmu, sun gwammace su tafi nesa. Wai zaren nan ne ya ɗaure sama, kuma hannuna ne ya ɗaura.

Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanenki, Mutari

Zinder, 17 ga Yuni

Yaya Barira,

Bayan gaisuwa, na ji saƙonki cewa in tattaro in dawo. Ki ƙara mini haƙuri.

Armeniya ba ta da wakili kusa, sai ambasad ɗin Bulgariya, wato ofishin jakadancinsu, ce ta kira Baba Agop, suka ce ɗansu ne, za su fitar da shi. Ya ƙi. Wai duk shekara yana aika wa Stoyan hoton zare a reshe, bai taɓa fasawa ba, ba zai fara bana ba. Na ce bari in sauke tsofaffin zaren ko hankali ya kwanta. Ya dube ni kawai, ya ce ba a kwance alherin da aka yi wa kaka.

Liman ya faɗa ranar Juma'a cewa ruwa na Allah ne. Mutane sun ce amin. Amma na lura masu zama gindin tsamiya sun koma tsallaken hanya, suna fuskantarta. Jiya Gambo maƙeri yana wasa gatari, da na gaishe shi sai ya ce, ɗan Bature, rassa nawa ka hau?

Ki sa ni a addu'a.

Naki, Mutari

Zinder, 21 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Mutanen unguwa sun sare tsamiyar ranar Laraba da hantsi. Ba su taɓa ni ba, sun dai ce kada Lahadi ta same ni a unguwar.

Alhamis da la'asar shamuwa ta zo, bakwai na ƙirga. Kin san a kan tsamiyar nan suke sheƙa tun kafin a haife ni. Suka yi ta kewaya kututturen, suka rasa wurin sauka, suka wuce gabas. Duk layin aka fito ana kallo. Gambo ya shige gida.

Baba Agop ya kwance zarensa da haƙori, ya sa a tafin hannuna, ya rufe yatsuna a kai. Yau motar da ambasad ta turo ta tafi da shi. Har yanzu ba ɗigon ruwa ko ɗaya.

Gobe zan hau motar Gidimuni in dawo gida. Zaren yana aljihuna, na yi masa alkawarin hoto. Yaya, tsamiyar bayan gidanmu tana nan? Ki duba mini ko mutane suna zama a gindinta.

Ƙanenki, Mutari