Ɗango Ukun da Kika Ƙara wa Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar 'ya ga uwa, ina fatan makwancinki na Tsafe yana cikin rahama.

Inna, da fushi nake rubuto miki. Ɗanki Sani ya kai waƙar Baba garin Gusau a buga ta littafi, amma baitocin Baba kaɗai ya miƙa. Wai Baba ƙwar biyu ya tsara, naki ƙari ne kawai. Mutumin da bai iya bambanta gaɓa mai nauyi da mai sauƙi ba, shi ne yau alƙalin aikinki.

Kina cikin takaba kika ɗauko baitocin Baba arba'in, kowanne ɗango biyu, kika ɗora uku a saman kowanne suka zama ƙwar biyar. Naki ukun suna amsa amon ɗangonsa na farko, nasa na ƙarshe ya rufe baitin. Kina rerawa ƙasa-ƙasa, babban yatsanki yana ƙirga. In ɗangonki ya wuce nasa da gaɓa ɗaya, sai ki yi kwana biyu kina neman wata kalmar. Kikan ce, "Inda numfashinsa ya tsaya, nan nawa zai tsaya."

Abokan karatunsa na Bungudu da suka zo aka rera musu a zaure, sun kasa nuna inda kika ƙare ya fara.

Kin bar mu, ruwan daminar bara kuma ya cinye takardunki na ajami. Abin da ya rage yana cikin kaina. Don haka na shiga mota zuwa Gusau, na tsayar da aikin, na zauna kwana uku gefen mai buga rubutun ina rerawa yana bugawa.

Duk ɗangayenki sun dawo, Inna, ban da ɗaya. A baiti na ashirin da bakwai, ɗangonki na uku ya ɓace mini. Sani ya ce in cike da kowace magana, ba mai ganewa. Na gwada. Duk wanda na tsara, ko ya yi tsawo ko ya gaza. Sai na ce a bar wurin fili. In an zo nan a yi shiru gwargwadon ɗango ɗaya, sannan Baba ya karɓa.

Ki yafe mini wannan ɗayan.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna, Ya shiryi Sani.

Taki har abada,
Hassatu