Rumman ɗin Baba Ya Yi Suna, Ni Kuwa Na Shiga Uku

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, na ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Kada ki sa sunana. Surukina ba ya karanta wannan shafi, amma abokansa suna karantawa, kuma su ne rabin matsalar.

Ina zaune da maigidana da mahaifinsa, Baba. Tsohon bakanike ne. Ya daɗe da barin gareji, amma har yau in mota ta wuce ta ƙofar gida sai ya faɗi abin da ke damunta, ko ba wanda ya tambaye shi. Bara jiri ya kwashe shi a bakin ƙofar ɗakinsa. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe. Baba ya karɓa, ya yi godiya sosai. Da aka kwana biyu ina share ɗakinsa sai na tarar da ƙwayoyin a gwangwanin da yake tara tsofaffin notuna, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Da maigidan ya yi masa magana, Baba ya ce shi bai taɓa sa wa mota kayan da bai buɗe ya ga cikinsa ba, balle jikinsa. Rumman zai riƙa sha, domin shi fasa shi ake yi a ga komai da ido, kuma da shi mahaifiyarsa ta yi ta jinyar mutane. Maigidana irin mutanen nan ne da in ubansu ya ɗaga murya sai su tuna suna da aiki a waje. Ya fita abinsa.

Aiki ya dawo kaina. Kullum da safe in fasa rumman, in ɓare, in markaɗa, in tace, in kai masa a kofinsa na silba. Faratana sun yi baƙi, har a wurin aiki ana tambayata ko rini na koma. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, ni kaɗai ce a gida ranar da ya faɗi, ni na yi ta ihu ina kiran maƙwabta, kuma ba na son in sake ganin wannan rana.

To, duk sanda maigidan ya karɓo magani daga asibiti, Baba da hannunsa yake miƙo mini fakitin ya ce in zubar, alhali kwandon shara yana nan a bakin ƙofarsa. Ni kuwa ina zubarwa, sai dai a kofinsa nake zubarwa, ɗaya bayan ɗaya, bayan na murƙushe da bayan cokali. Tsamin rumman da baurinsa suka rufa mini asiri. Maigidan ya sani. Gudummawarsa ita ce ya tsaya a ƙofar kicin ya yi tari in ya ji takun Baba.

Jini ya sauka. Likita ya yaba, ya ce a ci gaba da abin da ake yi. Baba ya kalle ni, na kalli maigidan, maigidan ya kalli silin. Sau ɗaya tak na manta ban sa ba, Baba ya kurɓa ya dawo mini da kofin, wai na yau ba shi da ƙarfi, in je in haɗa yadda na saba.

Akwai benci a ƙofar gidanmu inda Baba da abokansa suke zama da yamma. Da can hirarsu ba ta wuce tsadar kayan gyara da wanda ya rasu. Yanzu Baba ya mai da wurin aji. Kullum sai ya ba su labarin yadda ya yi watsi da ƙwaya ya kama rumman, wai yana wanke jini kamar an juye wa mota baƙin mai. Ɗaya ya ce idonsa ya washe, wani ya ce matarsa ta rage faɗa tun da ta fara sha. Mai kayan marmari na bakin titi yanzu har tashi yake yi in ya hango ni.

Ina ta dariya a raina har shekaranjiya, da matar babban amininsa, wani tsohon direba, ta shigo tana tambayata yadda nake haɗa nawa. Ta ce mijinta ya ajiye maganinsa tun watan jiya, rumman yake sha safe da yamma, amma kansa na sara, ƙeyarsa ta yi nauyi, kuma ya ce laifin hannunta ne, ba ta iya matsa ba. Anti, mutumin nan ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, har yanzu jan ƙafa yake yi. Na ce mata ni sau biyu nake tacewa. Wallahi abin da ya fito daga bakina ke nan, kuma tun da ta fita hankalina bai kwanta ba.

In na faɗi gaskiya na kunyata Baba a gaban bencinsa. Na san halinsa, ko ruwa ba zai sake karɓa daga hannuna ba, sai mu koma gwangwanin notuna. In na yi shiru wani abu ya sami direba, ban san da idon da zan kalli matarsa ba. Maigidan ya ce ko dai mu jira mu gani, ko in koya mata dabarar cokali. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Matsar Rumman

Amsa:

'Yata, ki ajiye shafin nan ki tafi gidan direba, sauran kya karanta in kin dawo. Ki gaya wa matarsa abin da ke cikin kofin Baba, a kai mijinta asibiti a auna shi yau. Saran kai da nauyin ƙeya ga mutumin da ya taɓa shanyewa ba abin jira a gani ba ne. Kunyar Baba tana da magani, wancan kuwa ba kullum ake tashi ba.

Rumman bai yi laifi ba. Yana da bitamin da sinadarai masu amfani ga jiki, mutanen da can suna jiƙa ɓawonsa saboda gudawa, kuma akwai binciken da ke nuna ruwansa na iya ɗan taimaka wa mai hawan jini. Amma ɗan rakiya ne, ba ya maye gurbin ƙwaya. Ki kuma gaya wa likita gaskiya, don kuwa ya yabi aikin da bai san yadda ake yinsa ba. Akwai ƙwayoyin da ba a murƙushewa, akwai kuma magungunan da ba sa shiri da ruwan rumman. Shi zai ce miki naku wane iri ne.

Na san tsoro da ƙauna ne suka sa ki, kuma da alama kin tsare lafiyar tsohon nan. Sai dai Baba ba yaro ba ne, yana da hakkin sanin abin da yake haɗiya. Dabarar cokali ta tsaya a kicin ɗinki, kada unguwa ta cika da mata masu murƙushe ƙwaya da maza masu yabon rumman. Maigidanki kuwa ya yi tari ya isa. Ubansa ne, shi zai shiga ɗaki ya yi maganar, su biyu, ba a kan benci ba. A bar wa Baba ya gyara zancensa a gaban abokansa da bakinsa. Bakanike ya san mota ba ta tafiya da baƙin mai kaɗai, sai da fetur.

Ki sake karanta wasiƙarki. Mutumin da kwandon shara ke ƙofarsa amma ke yake miƙa wa fakitin. Mutumin da ya dawo da kofi ranar da kika manta, ya ce a haɗa yadda aka saba. Ban ce ya sani ba, ba na gidanku. Amma wanda ke gane ciwon mota daga kan benci, da wuya ɗacin ƙwaya ya wuce harshensa wata da watanni. Wataƙila ya samu hanyar shan magani ba tare da ya janye maganarsa ba, labarin ya yi masa daɗi, bai zaci amininsa zai ɗauka ya yi aiki da shi ba. In haka ne, shi ma yana neman wanda zai fitar da shi.

Gobe da safe ki matsa masa rumman ɗinsa zalla, ki ɗora ƙwayar sukutum a faranti kusa da kofin, ki gaishe shi ki fito. Kada ki tsaya kallo. Allah Ya ba direba lafiya, Ya ƙara wa Baba nisan kwana, ke kuma Ya saka miki da alheri.