Gajerun Wandunan Kofur

Rikoto, Zuru
14 ga Oktoba, 2006

Yayata Adama,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya Inna da ciwon bayanta? Ya Baba, ya aikin kaka a Danko?

Albishirinki, Yaya, maigidana Kofur zai dawo. Jiya wani abokin aikinsa ya zo daga bariki, ya ce an dawo da shi daga Sudan, yana asibitin sojoji a Kaduna. Wai ya ji rauni a ƙafa, amma yana magana, yana cin abinci. Na tambaye shi wane irin rauni, ya ce bai gani da idonsa ba, ya yi ta kallon takalminsa. Ban matsa masa ba.

Wata goma sha ɗaya ke nan rabona da mijina, cikin wata goma sha biyar na aurenmu. Tun da abokin aikin nasa ya fita nake tsara yadda dawowar za ta kasance. A littattafan da nake karantawa, in miji ya dawo da rauni a nan ne so ke yin ƙarfi, matar ta ba shi kunu a baki, shi kuma ya gane irin macen da Allah ya ba shi. Kada ki yi mini dariya.

Yau na buɗe akwatinsa na wanke kayan da ya bari. Ashe gajerun wandunansa tara ne. Kin tuna faɗan da Baba ya yi lokacin neman aure, wai wane irin suruki ne mai yawo da gwiwa a waje? Tun daga nan ya koma sayen tiri-kwata, mai sauka har rabin ƙwauri, ya ce da shi yana iya shiga masallaci, ya kuma durƙusa gaban Baba ba a harare shi ba. Yana da irinsa uku. Akwai na kaki mai aljihu shida, na zuwa kasuwa, da yake cika mini aljihunsa da gyaɗa. Akwai na ƙwallo masu santsi guda biyu, ba ya saka su sai da doguwar safa. Akwai wani tsohon dogon wando da ya yanke da kansa don zuwa gonar Iya, mahaifiyarsa, a Mahuta, bakinsa duk zare, na sha cewa zan jefar ya hana. Sai koraye biyu na gudun safe da aka ba su a bariki, da lambarsa a cinya da farin fenti.

A cikin koren nan na fara ganinsa, shekarar da nake makaranta a nan Zuru. Sojoji na wucewa da gudu suna waƙa, shi yana ƙarshen layi. Yana cusa shimi a ciki, ya ja wandon har cibiya, ya naɗe ƙugun sau ɗaya. Samarin yanzu da ke sakin nasu yana zamewa ƙasa, cewa yake da su aka kawo masa bariki da kwana biyu sun gyaru.

Na goge su duka na jera. Ki taya ni addu'a, ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Indo


Rikoto, Zuru
9 ga Disamba, 2006

Yaya Adama,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya sanyi, ya su Inna? Na samu saƙon daddawa daga hannun direba, Allah ya saka da alheri. Ki yafe mini shirun da na yi. Na ɗauki biro ya fi sau biyar ina ajiyewa.

Babu ƙafar, Yaya. Ta hagu ce, an yanke ta sama da gwiwa kaɗan. Motarsu ce ta kife da su a can. Ranar da aka kawo shi na yi kwalliya na ƙona turare, na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na tsara. Mutum biyu suka fito da shi daga mota, suka miƙa masa sanduna. Ya wuce ni ya shiga ɗaki, idonsa a ƙasa.

Yau mako shida bai fita tsakar gida ba sai zuwa bayi. Ya ce in gaya wa duk wanda ya zo cewa barci yake. Na gaya wa liman haka, na gaya wa abokan ƙwallonsa. Na gaya wa Theresa, mai ƙosai a bakin layinmu, wadda nata mijin soja ne ya rasu a Laberiya. Ta zo sau uku da dafaffiyar kaza, ta daina zuwa. Iya kaɗai ke shiga wurinsa in ta zo daga Mahuta.

Dogon wando yake sakawa yanzu, shi da ya tsane shi a gida. Yana naɗe ƙafar wandon da babu komai a ciki, ya kai ta ƙugu ya soke da fil. Wurin na yi masa ƙaiƙayi, likita ya ce ya riƙa barinsa ya sha iska, ya ƙi. Ni ma ban taɓa ganin dungulmin ba. In zai canza bandeji sai ya aike ni ɗebo abin da ba ya buƙata.

Na gwada maganar kunu. Na kai cokali bakinsa, ya karɓe kofin ya ce ai hannunsa ba a yanke ba. Na gwada karanta masa labari, ya ce in mutanen cikin littafin nan suna da ƙafa bibbiyu to in rufe.

Shekaranjiya bayan la'asar na shigo ban yi sallama ba, na same shi zaune a ƙasa, akwati a buɗe. Koren wandon na kan cinyarsa, yana shafa lambar da yatsa. Bai ji shigowata ba. Na koma da baya na shiga madafa na yi kukana. Tun ranar nake ganin akwatin nan kamar shi ke cinye shi. In dai waɗannan wanduna na ɗakin, kullum zai riƙa tuna gudun safe.

Kada ki gaya wa Inna duka wannan. Ki ce mata yana samun sauƙi.

Taki,
Indo


Rikoto, Zuru
3 ga Fabrairu, 2007

Yaya Adama,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na san labari ya riga takardar nan isowa Danko, shi ya sa nake sauri. Ki gaya wa Baba da Inna Kofur na nan da ransa. Laifina ne, kuma zan gaya miki yadda aka yi.

Makon jiya mota ta zo da sassafe ta ɗauke shi zuwa Kaduna, za a gwada masa ƙafar roba. Mutanen layi sun ga an fitar da shi a kwance a kujerar baya. Da na zauna ni kaɗai sai na ga dama ta samu. A wani littafi matar ta kwashe duk abin da ke tuna wa mijin baƙin cikinsa, ya dawo ya ga ɗaki sabo, ya rungume ta. Na kwashe wandunan nan tara. Ban iya ƙona su ba, na ce gara in yi sadaka ladan ya kai gare shi. Na ba Malam Talle, dattijon da ke kawo mana ruwa a kura, na ce ya ɗauki koraye ya raba sauran ga abokan sana'arsa da masu turin baro. Ina ba shi ina kuka. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi doguwar addu'a, ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Na ce amin. Wallahi, Yaya, ban gane abin da yake nufi ba.

Ke kin sani, ni ma na sani, kawai dai hankalina bai kai wurin ba. Ba a raba tufafin mutum sai ya mutu. A garin nan kuwa, inda kusan kowane gida akwai soja, kayan soja ba sa fita daga ɗakinsa sai an gama. Da yawa ba a ma ganin gawarsu, akwati ake kawowa a raba abin da ke ciki.

Kofur ya dawo ranar kasuwa da tsakar rana, layi babu kowa, mota ta ajiye shi a bakin ƙofa. Babu wanda ya gani. A ranar ce kuma Theresa ta ga Malam Talle na tura kura sanye da koren wando mai lamba. Ta tambaye shi, ya ce matar Kofur ce ta yi sadaka tana kuka. Ita ma haka ta raba na mijinta. Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke mata suka fara shigowa, Musulmi da Kirista, da kwanonin abinci, suna shimfiɗa tabarmi. Na ɗauka dubiya ce. Sai da wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta tambaye ni me ya sa har yanzu ban cire 'yan kunne ba. Na yi ta cewa yana ciki, yana ciki, su kuma suna cewa in yi haƙuri, haka ake ji a kwanakin farko. Maza suka taru a waje. Ana cikin haka babur ya tsaya, aka shigo da Iya a riƙe. Ashe tun yammacin ranar kasuwar labari ya kai Mahuta. Ta faɗi a tsakar gida tana kiran sunansa na yarinta.

Duk yana ji daga ɗaki. Na ji an buɗe akwati, na ji an rufe. Sai na ji ƙarar almakashi.

Ya fito da sandunansa. Ya cire fil, ya yanke ƙafafun dogon wandon da ke jikinsa, duka biyu, a tsakiyar cinya, yankan ma a karkace. Dungulmin na waje, baƙi, da sawun ɗinki. Ranar na fara ganin wurin, tare da mutanen unguwa. Wasu mata suka ruga da gudu suka bar takalmansu. Ya ɗaga Iya da hannu ɗaya, ya zauna a benci ya gaida kowa da sunansa. Ya ce wa Theresa ta bar shinkafar da ta kawo, mamacin na jin yunwa. Babu wanda ya yi dariya. Malam Talle ya zo zai mayar da kayan, Kofur ya ce masa ya riƙe, wanda ya bayar ya riga ya yanke hukunci.

Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Iya na nan tare da mu, ita ma ba ta amsa gaisuwata.

Ki roƙa mini gafarar su Baba kan tashin hankalin da na jawo musu.

Indo


Rikoto, Zuru
21 ga Fabrairu, 2007

Yayata Adama,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna bayan firgitar nan? Na karanta takardarki sau uku. Faɗan da kika yi mini daidai ne.

Kin tambaye ni ko ya huce. Yana fita yanzu. Kullum bayan sallar asuba yana zama a bencin ƙofar gida da yankakken wandon nan, ya hana a kai wa tela ya daje bakinsa. Sojoji in sun zo wucewa da gudu suna ɗaga masa hannu, yana yi musu tsawa su ɗaga gwiwa. Abokan ƙwallonsa sun dawo. Ranar Juma'a ya saka dogo ya je masallaci a bayan babur. Ciwon ma ya daina ƙaiƙayi tunda yana shan iska. Theresa ta ce mini in gode wa Allah, kuskurena ne ya fito da shi. Abin da nake roƙo ke nan tun Disamba, Yaya, kuma na samu. Yana magana da kowa a layin nan ban da ni.

Shi ke wanke kayansa da kansa, a zaune, da bokiti tsakanin cinyoyinsa. Ya saka wa akwatin kwaɗo. In na ajiye abinci yana ci, in na yi magana yana saurare har in gama, sannan ya ɗauki sandunansa.

Jiya na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce don kada ya riƙa ganin su yana baƙin ciki na yi. Karo na farko ya amsa mini. Ya ce ya sani, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya ce ranar da na gan shi da koren wandon, gwadawa yake ko zai rufe wurin, don likita ya ce da gajeren wando ake koyon tafiya da ƙafar roba. Yana ta shirin yadda zai tashi, ni kuma da nake kwana ɗaki ɗaya da shi na riga na gama da shi ban tambaye shi ba. Ya ce kukan da Iya ta kwana tana yi bai san yadda zai cire shi daga kunnensa ba.

Ya ce in je gida in huta. Bai ba ni takarda ba, bai kuma faɗi ranar dawowa ba. Iya za ta zauna da shi. Na tambaye shi ko zai aiko a ɗauke ni, ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba.

Zan shigo motar Danko ranar Alhamis da safe. Ki tare ni a tasha, kada in shiga gida ni kaɗai. Ki fara yi wa Baba bayani kafin in iso.

Ki ajiye mini zani biyu da riga cikin naki, don jaka ɗaya zan riƙo. Iya ta ce in kwashe kayana duka kada su yi ƙura, har ta samo mini buhu. Na ce mata a'a. Tufafina na nan a rataye inda suke, takalmana na ƙarƙashin gado. Yanzu na san abin da mutanen layin nan za su karanta in suka ga an fitar da kayan mutum daga ɗaki, kuma shi ma zai karanta. In ya ga dama ya fitar da su da hannunsa. Ni ba zan fitar ba.

Ki gaida Inna. Sai na zo.

Ƙanwarki,
Indo