Sallamar Inna Malama a Tungar Jibo

Maradun, ranar Laraba

Zuwa ga yayana Lauwali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da zafin Kaduna. Mu nan sai godiya.

Yaya, ruwan dam ɗin Bakolori ya ja baya bana, ja irin wanda ba a taɓa gani ba tun da ya cinye garinmu, Tungar Jibo. Masunta sun ce katangar makarantar kakarmu, Inna Malama, ta leƙo waje. Tun da labarin ya shiga kunnenta ta hana kowa sakat, sai an kai ta. Ɗanta kuwa, Kawu Tukur, ya kafe, wai tsohuwar da ba ta gani, ƙafa ba ƙwari, me za ta yi a tsakiyar taɓo?

Yanzu yini take a kan tabarma tana zancen da: yadda take bin gida gida tana roƙon iyaye su ba ta 'ya'yansu mata, da yadda take koyar da baƙi da yatsa a yashin gulbi. Wani sa'in ta kira ni da sunan mahaifiyarmu, ni kuwa in amsa, to me zan ce?

Don Allah ka zo kafin ruwan fari ya sauka. Kai ne ɗan lelenta, kuma maganarka Kawu ke ji. Kada ka ce mini aiki, na gaji da wannan zance.

Ƙanwarka,
Husaina

Maradun, ranar Asabar

Yaya Lauwali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kuna lafiya. Mun ga saƙonka na ta'aziyya. Allah ya jiƙan Inna, ya ba mu haƙuri. Na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma ya kamata ka san yadda aka yi.

Da hadari ya fara haɗuwa ba ka zo ba, Kawu ya sauko don kansa. Sambo masunci ya ɗauke mu a kwalekwale da hantsi. Ruwan ya kwanta lumui, muna wucewa ta kan gonakin mutane da ya cinye, Inna na jan hannu a ciki tana faɗin gonar wane ce wannan. Wallahi ji na yi kamar barci nake.

Katangar ba ta wuce gwiwa ba, balbelu sun jeru a kanta. Muka riƙo Inna har inda ƙofa take, sai ta cije, ta gyara mayafi, ta yi sallama. Ashe duk shekarun da ta yi tana koyarwa ba ta taɓa shiga aji ba sai yara sun amsa mata. Shiru, sai iska. Ta sake, ta tsaya tana jira. Na ce ta shiga kawai, ta ture hannuna.

Yaya, sai ga Kawu Tukur da furfurarsa ya tattare riga, ya tsallaka katanga. Sambo ya bi shi, shi ma ashe ɗalibinta ne. Suka zauna dirshan a cikin laka, suka amsa da ƙarfi, suna jan muryar kamar 'yan aji ɗaya. Sannan ta shiga. Ban san lokacin da na fara kuka ba.

Ta shafa kawunansu, ta shafa nawa, ta ci gaba da lalube a iska. Ta tambayi ina Lauwali. Na ce kana hanya. Ta ce idan ka iso kada kowa ya yi maka faɗan makara, yaron daga nesa yake zuwa.

A daren Juma'a ta cika, washegari aka yi ruwan fari. Na isar maka da saƙonta, don haka ba zan yi maka faɗa ba.

Ka gaida mutanen gida. Wassalam.

Ƙanwarka,
Husaina